Abin da Wendell Ke Jira

Shafi na 23

Na ga ƙorafinku, masu cewa na bar Darlene a bakin titi na tafi harkar gabana. Ban je ko'ina ba, shafin ne ya yi mini nauyi a hannu. Wanda yau ya fara shigowa ya matso kusa, ba mu yi nisan da zai ɓace ba.

*

Tun kafin rana ta ɗaga Darlene ta fito da a-kori-kurar daga rumfa, ta bar ta tana ɗumi, ta koma ciki ɗauko mijinta. Ta same shi zaune a bakin gado, ya sa rigar da ba ya sawa sai zuwa coci, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ba ta ce masa ya yi sauri ba. Zaman da ta yi da ciwon nan ya koya mata cewa sa takalmi ma aiki ne.

Ciwon damuwa likitoci suka kira shi. Mutanen garinsu Harlow kuwa cewa suke Wendell Pruitt ya yi sanyi. Mutumin da babu injin ban-ruwa a gonakin masarar yankin da bai kwance ya ɗaura ba, wanda ake jiyo dariyarsa daga shagonsa har gidan mai, shi ne ya koma kujera ɗaya a falo yana kallon talabijin a kashe. Lokacin da abin ya fara ba wanda ya mutu masa, ba gonar da ta ƙone. Wannan ya fi komai ci wa Darlene rai. Duk wanda ya tambaye ta me ya same shi, ba ta da abin nunawa.

Ƙwayoyi kam an sha. Wata ta sa shi barci har rana tsaka, wata ta hana shi barcin, wata ta sa hannunsa rawa har ya kasa riƙe kofi. Da likitansu na gari ya ga an canza an canza babu labari, sai ya cire tabarau ya ce mata akwai wani magani da ake fesawa a hanci, an yi shi ne domin irin su Wendell da ƙwaya ta ƙi ci. Sai dai ba a ba mutum ya tafi da shi gida. A asibitin da ke da izini ake fesawa, a zaunar da mutum awa biyu ana duba shi, sannan wani ya tuƙo shi gida.

Daga ranar Darlene ta tare a teburin kicin, waya a kunne. Wani wuri a Omaha suka ce layinsu ya yi tsawo, ta sake kira in an kwana biyu. Wani a Lincoln suka ce ba sa karɓar inshorarsu. Wani wurin lambar ma ta mutu. Akwai inda yarinyar da ta ɗauki wayar ta tambaye ta ko na mura take nufi. Haka ta cinye lokacin sanyin nan kaf. Sai da ƙanƙara ta fara narkewa wata mata a coci ta ja ta gefe ta ce ƙanwar mijinta tana zuwa wani ɗan ƙaramin asibiti a Kearney, bayan shagon masu katifa.

Da ta kira, su ne suka ce a kawo shi.

Nas ɗinsu ta ce sai ta ji daga bakin mai ciwon tukuna. Darlene ta ajiye wayar a tebur ta buɗe murya, tana jiran ya ƙi kamar yadda ya ƙi komai. Nas ta yi ta jero tambayoyi, ciwon zuciya, shanyewar jiki, kumburin jijiya, yana cewa a'a, a'a. Ta ce masa kada ya gaji da ita, maganin yakan ɗaga jini na ɗan lokaci, shi ya sa suke bin diddigi. Da ta tambaye shi ko zai zo, ya yi shiru har Darlene ta fara haɗa haƙurin da za ta bayar. Sai ya ce zai zo.

Washegari ya aske gemunsa ba wanda ya ce masa. Darlene ta shiga ɗakin wanki ta toshe bakinta da tawul ta yi kukanta, ta kira 'yarsu Corinne a Denver ta ce mata, Babanki ya fara dawowa.

*

Hanyar doguwa ce, kuma shimfiɗaɗɗiya. Gauraki sun cika gonakin da aka girbe suna tsintar masara. Darlene ta zuba masa kofi a murfin fulas, ya riƙe bai sha ba. Da suka kusa gari wata babbar mota ta sha gabansu, ta taka burki da ƙarfi.

“Har yanzu kina taka burki kamar mai kashe kyankyaso,” in ji shi.

Ta juyo ta dube shi. Rabon da ya tsokane ta har ta manta.

“Da ka karɓi tuƙin mana, tsoho.”

“Su suka ce kada in tuƙa.”

“A dawowa suka ce.”

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ta riƙe wannan ɗan motsin a ranta har ƙofar asibitin.

Ɗakin da aka kai su ƙarami ne, da kujera mai kwantawa, da bargo a ninke, fitilar an rage mata haske. Nas ta auna jininsa ta ce ya ɗan hau, amma kowa haka yake ranar farko. Ta shigo da ɗan faranti ta ajiye a kan tebur. A kai akwai abin feshin, fari, bai kai tsawon tafin hannu ba. Darlene ta kasa ɗauke ido daga kansa. Ashe abin da ta yi watanni tana roƙo bai wuce haka ba.

Likita Abernathy ta shigo tana goge hannu. Gajeriyar mace ce mai furfura, ta daɗe tana duba manoma da 'ya'yansu kafin ta buɗe wurin nan. Ta gaishe su, ta ce ita al'adarta ba ta ba kowa feshin farko sai ta duba shi da hannunta. Ta saurari ƙirjinsa, ta haska idonsa, sannan ta ce ya kwanta ya ɗaga riga.

Wendell bai motsa ba.

“Na zaci hanci za a fesa,” ya ce.

“Hancin ne, Mista Pruitt. Jikin da ke ɗauke da shi nake son gani.”

Ya kwanta. Ya ja rigar sama a hankali. Darlene ta ji wani abu ya soke ta. A kujerar falo yake kwana tun bara, ba ta san ramar ta kai haka ba. Haƙarƙarinsa duk a waje, cikin ya lotsa kamar kwano.

Likitar ta ɗora hannu biyu a saman cibiyarsa tana ci gaba da hira, tana tambayarsa wane irin inji ya fi ba shi wahala a da. A tsakiyar maganar ta yi shiru. Ta ɗan matsar da yatsunta, ta sake tsayawa. Daga inda Darlene take zaune tana ganin yatsun suna ɗagawa suna sauka, kamar wani abu yana ture su daga ciki.

Likitar ta sauke masa rigar da kanta. Ta jawo kujera ta zauna kusa da kansa.

“Mista Pruitt, akwai tambayar da zan yi maka. Kana so matarka ta ɗan jira a waje?”

Yana kallon silin ya ce, “Bar ta. Ta sha tuƙi.”

“An taɓa gaya maka akwai wani abu a cikinka?”



Darlene ta yi saurin cewa tsakuwar ƙoda ce kawai ya taɓa yi, bara da kaka, ita ma ta fita da kanta. Likitar ta gyaɗa mata kai, amma idonta yana kan Wendell.

“An yi maka hoto a lokacin?”

“An yi.”

“Me suka ce?”



“Suka ce babbar jijiyar ta kumbura. Suka ce in je Omaha in ga mai tiyata.”

“Ka je?”

“A'a.”

Darlene ta tuna ranar sarai. Ta bar shi a layin hoto ta tsallaka ta sayo kayan miya. Da ta dawo ta same shi a mota, ya ce tsakuwa ce, an ce ya riƙa shan ruwa. Har tsayawa suka yi a hanya ta saya masa katan ɗin ruwa. A makon ne kuma ya kashe wayarsa ya jefa a durowa, ya ce kira yana damunsa.

Likitar ta juyo wajenta ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa ƙafafu ce ta yi ƙulu, kamar tiyon da ya tsufa ya kumbura a wuri ɗaya. Mutum yakan yi yawo da shi bai sani ba. Ana gyarawa, kuma mutane suna tashi. Amma in aka bar shi yana girma, wata rana bangon ba zai riƙe ba, sai ya fashe. Abin da ya fi tsana kuwa shi ne jini ya hau farat ɗaya.

“Saboda haka ba zan iya ba shi maganin nan ba,” ta ce. “Ba yau ba. Sai an gyara jijiyar, sannan mu zauna mu sake dubawa.”

Nas ta matso ta ɗauki farantin.

Darlene ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba.

“Likita, ko rabi ne. Ko kaɗan ne a gwada. Ba ki san inda muka fito ba. Ba ki san mutum nawa na kira ba.”

“Na sani, Misis Pruitt.”

“Ya aske gemunsa. Shi da kansa.”

Likitar ta kama hannunta ta riƙe.  Nas ta fice da farantin, ƙofar ta rufe a hankali.

Daga nan likitar ta nemi a bar ta da shi su biyu. Darlene ta fita ta zauna a baranda, jakarta a cinya, da rigar sanyinsa da ta riƙe masa. Wani dattijo ya fito daga ɗakin da ke kusa yana riƙe da gwiwar hannun matarsa, matar tana tafiya a hankali kamar mai tashi daga barci. Da suka zo wucewa ta yi wa Darlene murmushi ta ce, ranar farko ce? Darlene ta ce eh. Matar ta ce ta daure, a feshi na uku ita ta fara jin ɗanɗanon abinci.

An jima likitar ta fito. Ta ce Wendell ya yarda ta gaya mata abin da suka yi. Ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin yi wa kansa illa, ya ce a'a. Ta kira mai tiyatar, za a gan su cikin makon nan. Sannan ta rage murya ta ce kada a bar shi shi kaɗai, kuma in Darlene ta ga abin da bai kwanta mata ba, ko a jikinsa ko a maganarsa, kada ta tsaya neman shawarar kowa, ta wuce da shi babban asibiti.

*

Ba hanyar gida Darlene ta ɗauka ba. Ita kanta ba ta san inda ta nufa ba, ta dai fita gari ta bi wata hanyar tsakuwa har gidaje suka ƙare. A bakin wata gona ta tsaya ta kashe mota. Iska tana kaɗa karan masara, ba kowa.

Wendell yana kallon gabansa, hannuwansa a kan gwiwa.

“Na kwashe bindigoginka na kai gidan Royce,” ta ce. Royce ƙanenta ne. “Ka san haka?”

“Na sani.”

“Ƙwayoyinka a jakata suke kwana. Ko wanka zan shiga sai na bar ƙofa a buɗe ina sauraren motsinka. Na bar aikin ɗakin karatu. Na bi gidan nan lungu-lungu, Wendell, duk abin da na ga zai iya cutar da kai na fitar da shi.”

“Dar.”

“Ashe yana cikinka. Ina ta share gida, kai kana zaune a kujera kana riƙe da shi.”



Ta tambaye shi ko tsoron wuƙar tiyata ne. Ta ce in tsoro ne ya faɗa, babanta ma sai da aka yi kamar za a ɗaure shi kafin ya yarda a taɓa shi. Ta ce in kuɗi yake tunani, da ya bar mata wannan. Tana ta miƙa masa dalilai ɗaya bayan ɗaya, tana fatan ya ɗauki ko wanne ne. Ya girgiza kai ga dukansu.

“Da mai hoton ya nuna mini shi,” ya ce, “ya zaci zan firgita. Har ruwa ya miƙo mini. Ni kuwa ji na yi kamar an sauke mini buhu daga wuya.”

Darlene ta runtse ido.

“Na ce to, ga shi nan. Ba ni na sa shi ba. Ba wanda zai ce Wendell ya yi abin kunya. Fasto zai yi addu'arsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Corinne za ta ce wa yaranta jijiya ce ta kashe kakansu. Ni dai nawa in zauna.”

“Ka zauna.”

“In jira.”

Ya miƙo hannu ya kamo nata. Ta so ta fizge, ta kasa. Ya cusa shi ƙarƙashin rigarsa ya ɗora a saman cibiya. Fatarsa da sanyi. Ƙarƙashinta abin yana bugawa da ƙarfi, a natse, yana ture tafinta kamar zuciya ta biyu.

“Kullum ina jin sa,” ya ce. “In gidan ya yi shiru nakan ɗora hannu. Shi kaɗai ne abin da ban gaji da shi ba.”

Ta zare hannunta ta riƙe shi da ɗayan kamar ta ƙone.

Suka yi zaune. Can nesa gauraki suka tashi gaba ɗaya suna kuka, suka sake sauka. Darlene tana kallonsu, amma ba su take gani ba. Teburin kicin take gani, da wayar a tsakiya, da muryar nas tana jero tambayoyi. Kumburin jijiya. A'a. Maganin yakan ɗaga jini na ɗan lokaci. Sai dogon shirun nan. Sai zan zo.

Ta juyo a hankali.

“Ranar da nas ta kira.”

Bai dube ta ba.

“Duk abin da na kawo maka ka ƙi. Mai ba da shawara ka ƙi. Fasto ka ƙi. Tafiyar yamma ma ka ƙi. Wannan kaɗai ka ce to. Yaushe ka ce to ɗin, Wendell? Kafin ta ce yana ɗaga jini ko bayan ta faɗa?”

“Dar, bar maganar nan.”

“Kafin ko bayan?”

Ya daɗe yana murza yatsunsa.

“Bayan.”

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta wanda ita ma ba ta taɓa jin irinsa ba.

Ya fara magana da sauri, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce ba yadda take zato ba ne. Ya ce shi ma ya so maganin ya yi aiki, ya rantse ya so. Da yake aske gemun nan akwai wani ɓangare nasa da ke cewa wataƙila. Ya kwana yana tunanin ko zai sake jin ƙanshin man inji ya ji daɗi, ko zai iya ɗaukar jikarsa ba tare da ya ji kamar itace ya ɗauka ba.

“Na ce ko dai ya warkar da ni, ko ɗayan ya faru. Ko wanne ya zo, an gama. Ke ma kin huta.”

“Na huta.”

“Dubi yadda kika koma. Rabon da ki je gidan ƙawarki fa? Rabon da ki yi barci?”

“Ni na ce maka na gaji?”

“Ba sai kin faɗa ba.”

Ta daki sitiyari da tafin hannu har hon ya yi ƙara.

“Da hannuna na kawo ka! Ni na nemo wurin. Ni na roƙe su. Ni na goge maka rigar da ke jikinka. So kake in zauna a gefenka ina riƙe da rigar sanyinka, ina murmushi, ina cewa shaƙa da kyau, tsoho, sannan in koma gida ni kaɗai in rayu da wannan? Wannan ne hutun da ka tanadar mini?”

 Daga ganin fuskarsa ta san bai taɓa kallon abin ta nan ba. Ciwon ya rufe masa ido har bai hango ta a ɗakin ba. Wannan ya fi ƙaryar yi mata zafi.

“Ban yi tunanin...” ya fara.

“Na san ba ka yi ba.”

Hawaye suka zubo masa. Bai share ba. Tun da ciwon ya kama shi ba ta ga ya yi kuka ba, ko a jana'izar yayansa idonsa a bushe yake. Ta tsaya tana kallo, ba ta san ko ta rungume shi ko ta fita daga motar ta yi ta tafiya cikin gonar ba.

Ta jawo rigar sanyin ta rufa masa a kafaɗa. Ta gyara masa wuyan kamar yadda take yi kullum.

“Ka yi wa likitar ƙarya,” ta ce. “Ta tambaye ka, ka ce a'a.”

“Ban yi wa kaina komai ba.”

“Ni ba zan yi mata ba. Ba za mu gida ba. Babban asibiti zan kai ka, in gaya musu duk abin da ka gaya mini, kalma da kalma.”

“Za su riƙe ni.”

“Su riƙe ka.”

Ya roƙe ta. Ya ce ta kai shi gida, zai je wurin mai tiyatar, zai sa hannu a duk abin da aka ba shi. Ya ce kada ta sa mutanen Harlow su ji an kwantar da shi a ɓangaren masu taɓin hankali. Ya kira ta da sunan da yake kiranta tun suna saurayi da budurwa, ya ce ta tuna ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Duk gaskiya ne. Ta murza makulli.

“Gara ka yi fushi da ni kana numfashi,” ta ce.

Ta juya motar, tsakuwa tana tashi a bayansu. Ya ci gaba da magana, ita kuma ta kafe idonta a hanya, don ta san in ta dube shi za ta karaya. Tana ta shirya yadda za ta faɗa wa Corinne. Wace kalma ake farawa da ita? Ta riga ta ce mata Babanki ya fara dawowa, yanzu kuma ta ce me?

Ba ta lura da lokacin da ya yi shiru ba.

Numfashinsa ta fara ji, gajere-gajere. Ta saci kallonsa. Ya dafe bayansa da hannu ɗaya, ɗayan ya damƙe murfin ƙofa har yatsun sun yi fari. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin da ake yi. Leɓɓansa sun koma launin toka.

“Wendell?”

“Bayana,” ya ce da ƙyar. “Kamar ana yaga shi.”

“Zaman mota ne. Ka daɗe ba ka...”

“Mai hoton ya ce in na ji haka a bayana, to jijiyar ce.”

Ƙafarta ta danne totur har ƙasa. Da hannu ɗaya ta lalubo wayar a jaka, ƙwayoyinsa suka zube a ƙasan mota, ta danna lambar gaggawa tana kuskure tana sakewa. Rufin gidajen gari ya fara bayyana can gaba.

Ya saki ƙofar ya kamo hannun rigarta. Riƙon da ya yi mata ba na mai jira ba ne.

“Dar.”

“Ina nan. Ina nan, tsoho.”

“Tsoro nake ji.” Idanunsa a buɗe, suna kanta. “Ba na so. Dar, ba na so. Yi sauri.”

Wata murya a wayar tana tambayar inda suke. Darlene ta ɗaga ido don ta karanto sunan hanyar.

A gabansu, inda layin dogo ya ratsa titin, jar wuta ta fara walƙiya, ƙararrawa tana kaɗawa, sandar tare hanya ta fara sauka, jirgi na tafe.